Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen zaɓen akwatin wufar mota

Mutum zai zuba kuɗi ya sayi wufa (sifikar da ke fitar da bes, wato ƙananan sautuka) mai kyau da amfilifaya mai ƙarfi, sannan ya je wurin kafinta ya ce a buga masa akwati "daidai but ɗin mota". Babban kuskuren ke nan. Sifikar ce ke faɗin girman cikin akwatinta. Kamfani yakan rubuta lita nawa take so a rufaffen akwati da nawa a mai ƙofar iska, wato wanda aka sa wa bututun da iska ke shiga da fita. Masu inci 12 galibi suna neman lita 28 zuwa 35 a rufaffe, 50 zuwa 70 a mai ƙofa, amma lambar da ke takardar taka wufar ita za ka bi.

Ko waɗanda suka duba takardar sai su auna ta waje. Akwati mai santimita 50 × 40 × 35 lita 70 ne ta waje. Cire kaurin katako 1.8 a kowane gefe, cikin ya koma 46.4 × 36.4 × 31.4, wato lita 53 kacal, kuma ba a cire gurbin da jikin sifikar da bututu da sandunan tokare suka cinye ba. Akwati ya yi ƙanƙanta, bes ya yi tauri, sautin can ƙasa ya ɓace. Ya yi girma da yawa, iskar ciki ta kasa riƙe kwanon sifikar (fuskarta mai motsi), ya riƙa wuce iyakarsa.

Sai masu ƙofar iska, waɗanda su suka fi ban haushi. Wai an ji mai ƙofa ya fi ƙara, sai a huda rami a cusa guntun bututun ruwa, a ce an gama. Haba! Faɗin bututun da tsawonsa da girman akwatin su ke yanke zurfin sautin da zai yi amo a kai, wato saitin akwatin, wanda ake aunawa da Hz. Ƙarin ƙarar da yake bayarwa, kusan dB 3 (dB shi ne ma'aunin ƙara), a kusa da wannan wurin yake. Don sauraron yau da kullum, ni dai Hz 32 zuwa 35 nake so. Masu gasar ƙara suna hawa sama da haka, ƙirji ya girgiza, amma kiɗan ya zama dum-dum ɗaya ba bambanci. Ƙasa da inda aka saita, akwatin ba ya riƙe kwanon kwata-kwata, sai ka ga yana fita da komawa kamar zai tsinke alhali sauti kaɗan ake ji. Nan sifiku ke mutuwa. Kunna matatar subsonic ta amfilifaya, wadda ke yanke sautukan can ƙasa, ka ajiye ta Hz 3 zuwa 5 ƙasa da saitin. Bututu siriri kuma huci yake yi: ba shi inci murabba'i 12 zuwa 16 ga kowace lita 28 ta cikin akwatin, ka goge bakinsa ya yi sulɓi, ka bar fili a gabansa aƙalla faɗinsa.

In tsabtar sauti kake nema kuma but ɗin ƙarami ne, ɗauki rufaffe. Yana yafe ɗan kuskuren awo, kuma cikin mota da kansa yana ƙara wa ƙananan sautuka ƙarfi. In kana shakka, duba lambobi biyu a takardar, Fs da Qes, ka yi lissafin Fs ÷ Qes: ƙasa da 50 rufaffe ya fi, sama da 100 mai ƙofa.

Katako siriri yana girgiza ya ci bes. Sa katakon MDF (na matsattsen garin katako) milimita 18, ka ninka fuskar da sifikar ke zaune in wufar mai nauyi ce. Gam ke riƙe akwati, sukuru taimako ne, kuma a toshe ramin waya da silikon. Wufa biyu a rufaffe, raba musu ɗaki. Bandpass kuwa, wato akwatin da sifikar ke ɓoye a ciki sauti na fita ta ƙofa kawai, kada sabon shiga ya taɓa shi, yana ɓoye kukan sifika har ta ƙone. Ka kuma ɗaure akwatin a jikin mota, kada birkin gaggawa ya jefo shi gaba.