Yadda Ake Kwana a Zangon Motocin RV In Kana Tafiyar Hanya a Amurka

Duk wanda ya taɓa bin manyan titunan Amurka lokacin bazara ya ga dogayen motocin nan masu gado da kicin da banɗaki a ciki, su ake kira RV. 'Yan uwanmu da ke zaune a can da waɗanda ke zuwa hutu da iyali da yawa suna sha'awar su yi hayar ɗaya su zaga ƙasa, amma tuƙin ke ba su tsoro. Ni kam a ganina tuƙi ba shi ne matsalar ba, wanda ya iya mota zai saba cikin yini guda, kuma a yawancin jihohi lasisinka na kullum ya isa in dai nauyin motar bai wuce fam 26,000 ba. Inda mutane ke shan wuya shi ne wajen kwana, wato samun gurbin da ya dace da motarka, da awa ɗayan farko bayan ka iso, da awa ɗayan ƙarshe kafin ka tashi.

Tun a wajen karɓar mota, ko daga kamfanin hayar RV na Cruise America ne ko daga hannun mai ita ta manhajar Outdoorsy ko RVshare, ka tambayi abu uku ka rubuta a takarda ka manna kusa da sitiyari: tsawonta ƙafa nawa ne, tsayinta daga ƙasa zuwa saman esi ɗin da ke kan rufi ƙafa nawa ne, sannan wutarta amp 30 ce ko amp 50. Tsayin shi zai hana ka kutsawa ƙarƙashin gadar da ta yi maka gajarta, don taswirar da ke wayarka ba ta san da wace mota kake ba. Tsawon kuma duk inda za ka yi bukin, wato kama gurbi tun kafin ka je, sai sun tambaye ka, har ma akwai hanyoyin da ba a barin doguwar mota sam, kamar titin Going-to-the-Sun na gandun dajin Glacier a jihar Montana, wanda motar da ta wuce ƙafa 21 ba ta haye shi. Ka kuma tambaya nawa suke caji kan kowane mil da kowace awa ta janareta, yawanci daban yake da kuɗin haya.

Zangon ba iri ɗaya ba ne. Akwai na 'yan kasuwa, mafi shahara a cikinsu KOA mai allon nan ruwan ɗorawa, wanda aka fara a garin Billings na Montana a 1962, yanzu yana da wurare sama da 500 a Amurka da Kanada. Irin waɗannan su suka fi dacewa da sabon shiga, akwai wuta da ruwa da ramin zubar da ƙazanta a gurbinka, akwai wajen wanka da injin wanki da ɗan shago, wani wajen har da wurin iyo na yara, sai dai sun fi tsada kuma a matse ake jera motocin. Sai na gandayen jihohi, sun fi sauƙin kuɗi da fili da inuwa, galibi wuta da ruwa kawai za ka samu ko wuta kaɗai. Sai na manyan gandayen gwamnatin tarayya, inda kyan wuri yake amma sau da yawa babu abin jonawa ko ɗaya. Yosemite babu gurbi mai wuta kwata kwata. A Yellowstone duk girmansa zango ɗaya ne ke da wuta da ruwa da rami gaba ɗaya, Fishing Bridge, kuma ba a yarda da tanti ko tirela mai bangon tamfol a can ba saboda dabbar beyar da ke yawo a yankin. A Grand Canyon kuma Trailer Village ne a gaɓar kudu.

Maganar bukin kar ka yi wasa da ita. Daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Satumba kowa hanya yake, makon 4 ga Yuli kuwa, ranar bikin 'yancin kan Amurka, ba a magana. Yawancin gurabun tarayya a shafin Recreation.gov ake kama su, ana buɗewa wata shida kafin ranar, kuma na wuraren da suka yi suna cikin mintuna suke ƙarewa. In kana zaɓar gurbi kuma wannan ne karonka na farko, dan Allah ka ƙara 'yan daloli ka ɗauki wanda ake shiga ta gaba a fita ta gaba, ba wanda sai an yi ribas ba. In motar tsohuwa ce ka kira ka tambaya, wasu wuraren 'yan kasuwa ba sa karɓar wadda ta haura shekara 10 sai sun ga hotonta.

Akwai kuma kwanan kyauta, a filayen gwamnatin tarayya da ke jihohin yamma waɗanda hukumar BLM ke kula da su ana iya zama har kwana 14, wasu shagunan Walmart ma suna bari a kwana a filin fakin ɗinsu in manaja ya yarda kuma dokar garin ba ta hana ba. Amma wannan ka bar shi sai ka san yadda batir da tankunanka ke ƙarewa.

Toh ranar tafiya ka yi ƙoƙari ka iso da rana tsaka. Tsofaffin hannu suna da ƙa'idar da suke bi, kar a wuce mil 300 a yini, a isa kafin ƙarfe uku na yamma, kuma gaskiya suna da hujja, don shiga gurbi da daddare ga gajiya ga yara na kuka ga reshen bishiya da ba ka gani, nan ake fasa fitila ko a kankare rufi. Ka tsaya ofis ka karɓi taswira da lambar gurbinka, ka shiga a hankali, mil 5 zuwa 10 a awa, yara na yawo da keke ko'ina. Kafin ka shigar da mota ka sauka da ƙafarka ka duba inda sandar wuta take, inda famfo yake, inda bakin rami yake, galibi duk a ɓangaren direba suke, ka tabbatar wayarka da tiyonka za su kai. In ribas ne wani ya sauka ya yi maka aikin yaron mota, ya tsaya inda kake ganinsa a madubi, da zarar ya ɓace maka ka taka birki. Bayan nan ka daidaita motar da faifan roba ko katako a ƙarƙashin taya har ta zauna daidai, ka ja birkin hannu ka sa waigi. Ba don daɗin barci kawai ba, firjin da ke aiki da gas a irin motocin nan yana lalacewa in ya daɗe yana aiki a karkace.

Wuta ita ake fara jonawa. Ka buɗe akwatin da ke jikin sandar, ka kashe makunnin tukuna, sannan ka cusa fulogi, sannan ka kunna. Fulogin amp 30 ƙafa uku gare shi, na amp 50 ƙafa huɗu, in gurbin da motar ba su zo ɗaya ba akwai ɗan adafta da ake sayarwa a shagon zangon ko Walmart. Bambancinsu ba kaɗan ba ne fa, amp 30 wajen wat 3,600 yake ba ka, amp 50 kuwa har 12,000. Ma'ana in kana kan 30 ka kunna esi, uwargida ta kunna na'urar ɗumama abinci, wani ya jona butar shayi ta lantarki, ɗif wuta za ta ɗauke sai ka fita ka tayar da makunni. Ɗaya bayan ɗaya ake yi. In da hali ka samu na'urar kare wuta da ake sawa tsakanin sanda da wayar mota, wasu sandunan tsofaffi ne an jona su ba daidai ba, ita za ta nuna maka kafin wani abu ya ƙone.

Ruwa kuma, farin tiyo ake amfani da shi na ruwan sha, kar ka taɓa yin wani aiki da shi kuma kar ka ajiye shi wuri ɗaya da kayan ƙazanta. Ka ɗaura ɗan ƙarfen nan mai rage ƙarfin ruwa a bakin famfo kafin tiyon, don famfon wasu wuraren yana da ƙarfin da zai iya fasa bututun roba da ke cikin bangon motar, ka tashi ka tarar da kafet sharkaf. In dare zai yi sanyin da ruwa ke daskarewa, wanda yana faruwa a kan duwatsu ko da a watan Mayu ko Satumba, ka cire tiyon ka yi amfani da ruwan tanki.

Yanzu ga wanda kowa ke gudu. Tankin ƙazanta biyu ne a ƙasan motar, baƙi na masai, ruwan toka na wanka da wanke wanke, kowanne da hannun da ake ja. Ka sa safar hannu ta roba, ka fara cusa ƙarshen babban tiyon a bakin rami ka danne shi da kyau, sannan ka murɗa ɗaya ƙarshen a jikin mota har ya kama. Abin da sababbi ke yi shi ne su bar hannun baƙin tanki a buɗe wai komai ya riƙa wucewa kai tsaye. Kar ka yi haka. Ruwan ne zai tsiyaye ya bar sauran ya taru ya bushe a ƙasan tanki, kuma fitar da shi aiki ne babba ga wari. A rufe ake barinsa sai ya kai kashi biyu cikin uku, sannan ka ja hannun gaba ɗaya ya tafi da ƙarfi, in ya gama ka rufe, sai ka ja na ruwan toka, ruwan sabulun ya wanke maka cikin tiyon. Kullum baƙi farko. Daga nan ka zuba galan biyu ko uku na ruwa a masai da maganin tanki. Mu da muke tsarki da buta a nan mun huta, tankin ruwa yake so, sai dai zai riƙa cika da wuri musamman in iyali na da yawa, kuma gejin da ke bango ba abin dogaro ba ne sosai. Banda takardar banɗaki mai saurin narkewa kar a jefa komai, tsumman goge jarirai shi ne babban mai toshewa, a gaya wa yara tun ranar farko. In gurbinka ba shi da rami akwai wajen zubarwa na kowa da kowa kusa da ƙofar fita, ka yi da sauri ka wanke wurin, akwai layi a bayanka.

Zaman zango yana da ladabinsa. Gurbin mutum ba a ratsawa ta ciki ko da ya fi kusa da banɗaki, a zagaya ta titi. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa safiya lokacin shiru ne a yawancin wurare, mu kuma in hira ta yi daɗi murya na tashi ba mu sani ba, a kula. Janareta yana da awanninsa da aka rubuta. Itacen wuta a saya a nan inda za a ƙona shi, jihohi da yawa sun hana ɗauko shi daga nesa saboda ƙwarin da ke kashe bishiyoyi. A yankin beyar kar a bar abinci ko tukunya ko shara a waje da dare. Karnuka suna da yawa amma doka ce a riƙe su da igiya, in yaranka na tsoro ka faɗa wa maƙwabcin cikin mutunci, galibi suna fahimta.

Salla ba ta da wahala, ka shimfiɗa darduma a gefen motarka ƙarƙashin rumfa, sai dai alƙibla a Amurka arewa maso gabas take, ka duba manhaja kar ka fuskanci gabas kai tsaye yadda aka saba a gida, kuma a jihohin arewa irin Montana magariba na iya wuce ƙarfe 9 a watan Yuni. Naman halal ka saye shi tun a babban birni ka cika firiza, ƙananan garuruwan da ke kusa da gandaye da wuya ka samu. Ragar gashin da ke gurbin kowa na gasa abin da ya ga dama a kai har da alade, ka zo da taka ko ka shimfiɗa takardar alminiyam mai kauri.

Ranar tashi yawanci ƙarfe 11 ko 12 na rana ake so ka bar gurbi. Ka zubar da tankuna, ka cire tiyon ƙazanta ka ɗauraye, ka cire na ruwa kar ka manta ƙarfen rage ƙarfin a bakin famfo, shi aka fi bari a baya, ka kashe makunni kafin ka zare fulogi. Ka naɗe rumfa, ita wannan ma ko fita yawo za ku yi a naɗe ta don iska na yage ta cikin minti ɗaya. A ciki a kulle firji da kabad, a rufe tagogin rufi, a kashe gas. Sai ka zagaya motar da ƙafa sau biyu, zagayen farko kana kallon sama, eriya da rumfa da rassan bishiya, na biyu kana kallon ƙasa, waigi da matattakala da waya da tayoyi, kafin ka tayar da inji.