Kurakuran da ke kashe batirin sola tun bai shekara ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sannan Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu a Oktoban 2024, masu shaguna da gidaje suka yi ca a kan sola. Kayan sun yi sauƙi a kasuwar duniya, domin ƙasar Sin, wadda ke ƙera fiye da kashi 80 cikin 100 na faifan sola, ta cika kasuwa da su. Sai dai da yawa sun kashe kuɗi, bayan wata takwas ko goma wuta ta koma ɗaukewa kafin ƙarfe ɗayan dare. Sau da yawa kayan ba su da laifi, lissafi ne ba a yi ba.

Babban kuskure shi ne fara ciniki daga girman inbata. Mutum ya shiga kasuwa ya ce a ba shi "mai 3.5", wato inbata mai ƙarfin kVA 3.5, a zatonsa ya gama. Inbata ba ta samar da wuta, ba ta ajiye ta, juya ta kawai take yi daga ta batir zuwa irin ta gida. A fara da takarda da biro: kowane kaya, wat nawa yake ja, awa nawa yake aiki. A ɗauki shago mai firiza ta wat 150 da injinta ke aiki kamar awa 12 a rana, wat sau awa, 1,800 ke nan. Fanka biyu masu wat 60 na awa 10, 1,200. Ƙwan fitila shida masu wat 10 na awa 6, 360. Talabijin mai wat 80 na awa 5, 400. Jimla 3,760. A ƙara kashi 30 cikin 100 saboda asarar da ake yi a waya, inbata da zafi, ya kai kusan 4,900. A raba da 5, wato awannin rana mai ƙarfi da za a iya dogara da su a yankin Kano, sai a sami wat 980. Faifai biyu masu wat 550 sun riƙe wannan shagon. Sai yanzu ake maganar inbata, a kuma tuna injin firiza yana fizgar ninki uku zuwa biyar na wutarsa lokacin tashi.

Batir ne ya fi cin kuɗi, shi ne kuma aka fi zalunta. Batirin ruwa mai amfiya 200 da bolt 12 yana ɗauke da wat 2,400 na awa guda a rubuce, amma rabin wannan kaɗai ya kamata a sha. Wanda ke tatse shi ƙarƙaf kowane dare yana yanke masa kwana da hannunsa. Idan kayan dare na buƙatar 2,000, batir biyu ake nema. Na litiyam yana jure a sha kashi 80 ko fiye, shi ya sa tsadarsa ta farko ke fanshe kanta. A saita inbata ta yanke wuta da kanta kafin batir ya yi ƙasa sosai. Masu haɗi da yawa na barin saitin kamfani don kada mai gida ya yi ƙorafin wuta na saurin ɗaukewa, kuma wannan cuta ce.

Akwai wata illar da ba a gani: faifai kaɗan a kan batura da yawa. Batirin ruwa da cajinsa ba ya cika kullum, wani farin gishiri ne ke daskarewa a farantansa, ƙarfinsa ya ragu ba dawowa. Haka ma haɗa sabon batir da tsoho, tsohon ne zai janyo sabon ƙasa. Ruwan da ake ƙarawa kuwa, sai tataccen ruwan batir. Ban da na rijiya, ban da na leda, ban da asid. A ajiye baturan inda iska ke ratsawa, don zafin ɗakin kwano a bazara na gajarta musu rai matuƙa.

Waya ma ana yi mata rowa. Kayan wat 1,000 a tsarin bolt 12 na jan fiye da amfiya 83, alhali a bolt 48 kusan 21 ne kawai. Siririyar waya a irin wannan nauyin zafi take yi, ta cinye wuta, wani lokacin ta tada gobara. A sa jan ƙarfe zalla mai kauri, a gajarta tazarar batir da inbata, a sa fis kusa da batir. Makunnin kariya na wutar gida ba ya maye gurbin na wutar batir, domin tartsatsin wutar batir ba ya mutuwa da sauƙi. Wayar ƙasa da na'urar kare tsawa su ma ba ado ba ne, damina ɗaya ta isa ta ƙone inbata.

A kan rufi, faifai ya fuskanci kudu, a karkace shi da digiri 10 zuwa 15. Shimfiɗa shi kwance na tara ƙura da ruwa. A bar tazara tsakaninsa da kwano, don wat ɗin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma kowane digiri da ya ƙaru na rage kusan kashi 0.4 cikin 100. Inuwar tankin ruwa ko reshen dalbejiya a kan faifai ɗaya na iya rage wutar duk layin. Da hunturu a riƙa wankewa duk mako, da sassafe ko bayan la'asar, da ruwa da tsumma mai laushi. Manyan faifan yanzu kuma na'urar caji ta MPPT suke so, wadda ke juya rarar bolt ɗin faifai ya zama caji. Idan aka haɗa su da na'urar caji ta PWM, wadda ba ta yin wannan juyin, a kan batirin bolt 12, fiye da rabin ƙarfinsu ne ke tafiya a banza.