Yadda na gyara haɗin man hammata da ke narke min

Haɗina na farko man kwakwa ne da bekin soda da sitaci. Da zafin Afrilu ya kankama a Birnin Kebbi, na buɗe robar na tarar ya zama ruwa tsululu, har ya ɓata min atamfa. Ashe man kwakwa daga digiri 24 yake fara narkewa. Sodar kuma ta sa hammatata ja da raɗaɗi.

Yaya ce ta ce, "Ke, sa kakin zuma mana." Shi sai zafi ya haura digiri 60 yake narkewa. Na narka cokali 1 da man kaɗanya cokali 3 a kan tururi, na cire sodar, na zuba sitaci da ɗan dakakken alimun. Yanzu daskararre yake ko an ɗauke wuta.