Yadda Ake Kwantar da Garkuwar Jiki Kafin Ta Cinye Dasashi da Ƙashin Haƙori

Mutane da yawa suna ɗauka cewa ƙwayoyin cuta ne ke cinye dasashi har haƙori ya yi girgiɗi ya fita. Gaskiya ne su ne ke tsokano faɗan, amma yawancin ɓarnar da ake gani a nama da ƙashin da ke riƙe haƙori, fararen ƙwayoyin jinin mutum ne ke yin ta da kansu a ƙoƙarinsu na kare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa kimanin kashi 19 cikin ɗari na manya a duniya, wato mutum sama da biliyan ɗaya, suna fama da nau'in ciwon dasashi mai tsanani. Matakan da ke tafe duk manufarsu ɗaya ce: a kawar da abin da ke tunzura garkuwar jiki, a kuma rage abubuwan da ke sa ta wuce gona da iri.

Mataki na farko: ka san abin da ke gudana a gindin haƙori

Tsakanin haƙori da dasashi akwai wani ɗan siririn rami, wanda zurfinsa bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba a bakin mai lafiya. A nan ne dauɗa mai yauƙi, wadda ƙwayoyin bakteriya ke ginawa a jikin haƙori, take fara taruwa. Dakarun farko da ke isa wurin su ne ƙwayoyin da ake kira nutrofil, waɗanda su ne mafi yawa a cikin fararen ƙwayoyin jini. Suna ratsa bangon dasashi su shiga ramin, su haɗiye bakteriya, su kuma fesa sinadarai masu narkar da su. Matsalar ita ce waɗannan sinadarai, musamman wanda ake kira MMP-8, ba sa bambance abokin gaba da ɗan gida, domin suna narkar da zaruruwan kolajin da suka ɗaure dasashi da haƙori.

Idan dauɗar ta ci gaba da zama, sai wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira makrofaj su shigo su riƙa sakin saƙonnin kira, irin su IL-1 da TNF, waɗanda ke ƙara kumburi su kuma janyo ƙarin dakaru. Daga baya wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira T da B su cika naman, su fitar da wani furotin mai suna RANKL, wanda aikinsa shi ne tayar da ƙwayoyin ostiyoklas masu narkar da ƙashi. Daga nan ne ƙashin muƙamuƙi ke fara ja da baya, ramin ya ƙara zurfi, iska ta ragu a cikinsa, bakteriya irin su Porphyromonas gingivalis da ba sa son iska su samu wurin zama. Wannan ƙwaya tana da wayo, domin tana rikita nutrofil ta hana su kashe ta, amma ba ta kashe kumburin ba, saboda da naman da kumburi ya rugurguza take ci. Tun a 1976 masana biyu, Page da Schroeder, suka kasa wannan tafiya zuwa zango huɗu, kuma abin lura a ciki shi ne ƙashi bai fara zaizayewa ba sai a zangon ƙarshe. Kafin nan komai na iya warwarewa, amma ƙashin da ya riga ya tafi ba kasafai yake dawowa da kansa ba.

Mataki na biyu: ka duba bakinka da kyau

Ka tsaya gaban madubi a wuri mai haske, ka ɗaga leɓe, ka dubi gefen dasashi inda ya haɗu da haƙori. Launi kaɗai ba ya isa hujja, domin dasashin mutanenmu da yawa yana da duhu tun haihuwa. Abin da za ka nema shi ne kumburi, da sheƙi, da taushin da bai kamata ba, da kuma jini. Idan ka tofar da kumfar man goge baki ka ga ta yi ja-ja, ko ka gatsa gurji ko rake ka ga tabon jini a jikinsa, to jijiyoyin wurin sun buɗe ne don su ba fararen ƙwayoyin jini hanya. Warin baki da ba ya gushewa, da haƙori da ya zama kamar ya ƙara tsawo, da wushiryar da ba a haife ka da ita ba, da mugunya idan ka danna dasashi, duk alamu ne cewa abin ya yi nisa. Rashin zafi kada ya yaudare ka, domin wannan ciwo yakan shafe shekaru yana aiki shiru.

Mataki na uku: ka riƙa tarwatsa dauɗar kowace rana

A 1965, a ƙasar Denmak, Harald Löe da abokan aikinsa sun sa wasu masu lafiyayyen dasashi su daina goge baki gaba ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dukansu dasashinsu ya kumbura, kuma da suka koma goge baki, cikin kusan mako guda ya lafa. Darasin a fili yake: da zarar an ɗauke abin da ke tsokana, nutrofil sukan janye.

Ka goge baki sau biyu a rana, na tsawon minti biyu, da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Ka karkata bakin buroshin zuwa gefen dasashi, kamar digiri 45, yadda gashinsa zai ɗan shiga ramin, sannan ka riƙa motsa shi a hankali, haƙori biyu-biyu, ciki da waje. Dirzawa da ƙarfi kamar mai wanke tukunya ba ya ƙara tsafta, sai dai ya tura dasashi baya. Bayan turame na ƙarshe da cikin haƙoran gaba na ƙasa su ne wuraren da aka fi mantawa. Tsakanin haƙora kuwa buroshi ba ya kaiwa, kuma a nan ne ciwon ya fi farawa, saboda haka sai an haɗa da zaren sakace ko ƙaramin buroshin tsakani sau ɗaya a rana. Aswaki yana share fuskar haƙori sosai idan an tauna bakinsa ya yi laushi kuma ana yanke shi akai-akai, amma shi ma ba ya shiga tsakani. Gawayi da toka, a ganina, gara a bar su, domin suna kankare haƙori ba tare da sun isa inda ake buƙata ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ga jini ya daina goge wurin, alhali wurin nan ne ya fi buƙatar gogewa. Idan ka dage mako biyu jinin bai ragu ba, sai ka tafi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Mataki na huɗu: ka je a auna, a kankare

Dauɗar da ta daɗe takan daskare ta zama kamar dutse, kuma babu buroshi ko aswakin da ke cire ta. Likitan haƙori zai zura wani siririn ƙarfe mai alamun milimita a kewayen kowane haƙori. Zurfin milimita 4 ko fiye, musamman tare da jini, yana nuna cewa rami ya fara samuwa, hoton ƙashi kuma zai nuna yawan abin da aka rasa. Daga nan zai kankare daskararriyar dauɗar sama da ƙarƙashin dasashi. Ka nemi a rubuta maka awon, domin da shi za a kwatanta idan ka koma bayan wasu makonni.

Mataki na biyar: ka gyara abin da ke ɓata aikin garkuwar

Sigari tana raunana nutrofil, tana kuma matse jijiyoyin jini, shi ya sa mashayi zai iya rasa ƙashi mai yawa ba tare da ya ga jini sosai ba, kuma dasashinsa ba ya saurin warkewa bayan an kankare. Ciwon suga kuwa yana tafiya da ciwon dasashi ta fuska biyu: sukari mai yawa a jini yana sa makrofaj su ƙara zafin kumburi, kumburin dasashi kuma yana wahalar da daidaita sukarin. Nazarce-nazarce sun nuna cewa yi wa dasashi magani yana rage HbA1c, wato ma'aunin matsakaicin sukarin jini, da kimanin maki 0.4 bayan 'yan watanni. Mai juna biyu ma dasashinta yakan fi saurin kumbura saboda sauyin sinadaran jiki, kuma goge baki da ganin likitan haƙori ba su da illa gare ta.

Mataki na shida: kada ka sayi magani da ka, kuma ka riƙa komawa

Haɗiyar maganin kashe ƙwayoyin cuta daga kemis ba ya ratsa daskararriyar dauɗa, saboda haka ciwon yakan dawo da zarar an gama sha. Ruwan kurkure baki na kulohezidin yana taimakawa na ɗan lokaci, amma yana rina haƙora idan an daɗe a kansa. Akwai dai doksisaikilin mai ƙaramin awo, miligiram 20 sau biyu a rana, wanda aka amince da shi a Amurka a 1998, kuma aikinsa a wannan awo shi ne danne sinadaran da ke narkar da kolajin. Likita ne kaɗai ke yanke hukuncin ba da shi, bayan an kankare.

Yawan komawa asibiti ya danganta da irin garkuwar mutum. A binciken shekara 15 da aka yi kan ma'aikatan gonakin shayi a Siri Lanka, waɗanda ba sa samun kulawar haƙori, kimanin kashi 8 cikin ɗari ciwon ya yi musu saurin ɓarna, kashi 81 ya tafi da su sannu a hankali, kashi 11 kuwa bai wuce kumburi ba, duk da cewa dauɗa ta taru a bakin kusan kowa. Don haka idan iyayenka ko 'yan uwanka sun zubar da haƙora tun da ƙuruciya, ka gaya wa likita. Yaron da haƙoransa ke girgiɗa saboda dasashi yana buƙatar gwajin jini, domin ƙarancin nutrofil ko naƙasarsu ma yana jawo mummunan ciwo. Wanda aka taɓa samu da rami mai zurfi, yawanci akan ce ya riƙa komawa duk bayan wata uku zuwa shida, a sake awo a kuma sake kankarewa.