Yadda ake rage rassan bishiya da zarto mai doguwar sanda ba tare da rauni ba

Zarto mai doguwar sanda an yi shi ne domin mutum ya yanke reshe na sama alhali ƙafafunsa biyu suna ƙasa. Akwai na hannu, mai lanƙwasasshen baki, wanda yake ci idan an jawo shi, ba idan an tura ba. Akwai mai sarƙa, da batir ko wayar lantarki ko fetur ke juyawa. Kowanne ka riƙe, babban haɗarin ba daga haƙoransa yake zuwa ba, daga sama yake zuwa: reshen da zai faɗo, da wayar wutar da ba ka lura da ita ba. Saboda haka inda ka tsaya ya fi ƙarfin damtsenka muhimmanci.

Kafin ka ɗauki zarton, zagaya bishiyar kana kallon sama. Abu na farko da za ka nema shi ne wayar lantarki, har wadda ganye ya rufe. Masu ƙera waɗannan zartuna da yawa suna cewa kada a yi aiki da su a ƙasa da mita 15 daga waya mai wuta, kuma wannan tazarar ba wuce gona da iri ba ce. Wuta mai ƙarfi tana iya tsallakowa ta iska kafin ƙarfe ya taɓa waya, ɗanyen reshe kuma yana ɗaukar wuta. Sandar alminiyom tana kai wutar hannunka kai tsaye, ta fayiba ma, wato mai kama da roba, idan ta jiƙe ko ta yi datti ba abin dogaro ba ce. Reshen da ke kusa da waya aikin ma'aikatan wuta ne, ka bar musu. Bayan waya, duba busassun rassan da suka karye suka maƙale a sama, domin girgiza kaɗan ke sako su. Duba kuma gidan zuma ko na rina.

Sai ƙasa. Kwashe duwatsu, igiyoyi da tarkacen da za su harɗe ƙafa, ka zaɓi hanyar da za ka ja da baya idan reshe ya juyo wajenka. Yara, dabbobi da masu kallo su kasance aƙalla mita 15 daga inda kake. Yana da kyau a sami mutum ɗaya daga nesa mai tsare hanya, wanda zai kawo ɗauki idan wani abu ya faru. Ranar iska mai ƙarfi ko ruwan sama, ko da magariba ta kawo jiki, a ɗage aikin.

Kayan jiki ba su da yawa amma babu na yarwa a ciki: hular kwano, tabarau mai rufe gefen ido, safar hannu mai kama sanda, da takalmi rufaffe mai ƙarfin tafi. Tabarau ya zama dole domin fuskarka a sama take, garin katako kuwa ƙasa yake zubowa, kuma da zarar ya shiga ido mutum zai runtse da zarto na gudu a hannunsa. Mai amfani da na fetur ya ƙara da abin toshe kunne. Tufafi masu faɗi da ke lilo ba na wannan aiki ba ne.

Zarton kansa yana son dubawa. Ɗaure mahaɗan sandar tam, ka girgiza ka ji babu inda ke motsi, kuma kada ka zare ta fiye da tsawon da kake bukata, don duk ƙarin tsawo ƙarin nauyi ne a kafaɗa da raguwar iko da bakin zarto. Idan mai sarƙa ne, kashe shi ko cire batir tukuna, sannan ka ja sarƙar da safar hannu a tsakiyar ƙarfen da take zagayawa. Ya kamata ta ɗan ɗago ta koma da kanta, ba ta yi lakwa-lakwa a ƙasa ba, ba kuma ta ƙi juyawa ba. Cika tankin man sarƙa, ka kunna, ka nufi bakin da wani katako mai haske: ɗan feshin mai zai nuna cewa man na sauka. Yawancin injinan fetur irin waɗannan suna shan haɗi na 50 da 1, wato mililita 100 na man haɗi a lita 5 ta fetur, amma littafin injinka shi ne alƙali. Sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya. Idan ka ga gari mai laushi kawai, ta dakushe, kuma dakusasshiyar sarƙa ce ke sa mutum dannawa da ƙarfi har ya rasa tsayuwarsa.

Yanzu tsayuwa, wadda ita ce zuciyar aikin. Kada ka taɓa tsayawa a ƙarƙashin reshen da kake yankewa. Ja da baya ka koma gefe, yadda sandar za ta karkata, kusurwarta da ƙasa ba ta wuce digiri 60 ba. Idan ka ga sandar ta miƙe tsaye kana ɗaga haɓa har ƙeya, ka shiga ƙarƙashin reshe ke nan, ko kuma reshen ya fi ƙarfin tsawon zarton. Mutane suna raina nauyin ice ɗanye. Reshe mai kaurin santimita 10 da tsawon mita 2 yana iya kai kilo 15 kafin a lissafa ganye, kuma ba ya faɗowa a miƙe: kansa ya kan fara dira, gindin ya yi tsalle ya nufo mai yanka. Buɗe ƙafafu, ɗaya gaba ɗaya baya, hannu biyu a kan sanda, injin ko ƙarshen sandar a gefen ƙugu. Tsani kuwa babu shi a wannan aiki ko kaɗan. Hannu biyu suna kan sanda, babu abin riƙewa, kuma reshen da ya faɗo ƙafar tsanin yake fara duka.

Ƙaramin reshe da bai wuce kaurin santimita 3 ko 4 ba, yanka ɗaya daga sama ya ishe shi. Wanda ya fi haka ana yi masa yanka uku, kuma dalilin a bayyane yake. Idan ka fara daga sama a jikin kututture, kafin ka gama nauyin reshen zai karya ragowar, ya ɗaye ɓawon bishiyar zuwa ƙasa kamar an feɗe fata, ya bar rauni mai tsawo da ruɓa za ta bi ta ciki. Don haka yanka na farko daga ƙasan reshe ake yinsa, tazarar kamar santimita 30 daga kututture, zurfinsa kashi ɗaya cikin uku na kaurin reshen. Kada ka zarce haka, in ba haka ba reshen zai sunkuyo ya matse bakin zarto. Na biyu daga sama, santimita 3 zuwa 5 gaba da na farko ta wajen ganye, har reshen ya faɗi; ɗayewar ɓawo za ta tsaya a yankan ƙasa. Na uku shi ne cire guntun da ya rage. A gindin kowane reshe akwai ɗan kumburi mai kama da zobe inda ya haɗu da kututture. Yanka dab da wajen kumburin, kada ka aske shi, kada kuma ka bar dogon guntu. Daga wannan zoben ne sabon nama ke tsirowa ya rufe ciwon, kuma ba ya bukatar fenti ko kwalta. Reshe mai tsawo sosai a rage shi gunduwa-gunduwa tun daga ƙarshensa, kowace gunduwa daidai abin da zai faɗi ba tare da ɓarna ba.

Da mai sarƙa, bari ya kai cikakken gudu kafin ya taɓa ice, ka ɗora shi, nauyinsa ya yi aikin. Rage dannawa idan yankan ya kusa ƙarewa, domin a lokacin da reshe ya saki, kan zarton zai zubo ƙasa da nauyinsa, kuma wanda bai shirya ba shi ke tuntsurawa gaba. Ka kiyayi sashen sama na hancin zarton, wato ƙarshen ƙarfen da sarƙa take zagayawa. Idan ya taɓa wani reshe yana gudu, zai yi tsalle baya da ƙarfi. Idan kuma ice ya matse shi, saki totur, kashe injin, ka sa wata sanda ta ɗaga reshen har tsagar ta buɗe. Fizga da ƙarfi lanƙwasa ƙarfen take yi, ko ta tsinka sarƙa.

Reshen da kaurinsa ya haura santimita 15, ko wanda ke saman rufin gida, ko wanda wani reshe ya danne ya lanƙwashe, a kira ƙwararren da ke da igiya da kayan hawa. A shekara guda kuma kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiya, domin da shi take ciyar da kanta.

Gajiya tana shigowa da wuri a aikin da hannu ke sama. Da ka ji kafaɗa na rawa ko yatsu sun fara mutuwa saboda girgizar inji, sauke zarton ka huta. Kwashe rassan da suka zubo kafin ka koma na gaba, da injin a kashe. Bayan an gama, bari ya huce, goge garin katako daga ramin mai, ka ɗan sassauta sarƙar da aka ɗaure tana da zafi, don tana tsukewa idan ta yi sanyi. Mayar da murfin baki, cire batir, ka rataye shi inda hannun yaro ba zai kai ba.