Kafin a ɗora maka na'urar tDCS (mai tura wutar lantarki 'yar kaɗan zuwa ƙwaƙwalwa) bayan shanyewar ɓarin jiki

Tambayata ta farko ga majiyyaci: akwai ƙarfe a kanka, ko na'urar daidaita bugun zuciya, ko farfaɗiya? In akwai, sai likita ya duba tukuna.

Ranar da za a yi, wanke kanka, kar ka shafa mai. Za a jiƙa soso biyu da ruwan gishiri a ɗaura maka a ka, a saki wuta 'yar kaɗan na kamar minti 20. Ƙaiƙayi ba komai ba ne. In ya koma zafi, yi magana nan take, wataƙila soson ne ya bushe.

Ni dai ba na barin mutum ya naɗe hannu lokacin. Ɗauki cokali da hannun da ya shanye, ajiye, sake ɗauka. Na'urar taimaka wa gashin ƙashi take yi, kar ka saye ta a intanet ka gwada a gida.