Masu haɗa taki a gida, ga shawara kan ledar da ke ruɓewa

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ledar nan ta PLA da ake yi da sitacin masara ba ta ruɓewa don kawai an jefa ta a juji. Sai cikin takin ya yi zafin kusan digiri 58 take fara saki, sannan bakteriya masu son zafi, irin su Bacillus, su cinye ta.

Ku yayyanka ta da almakashi, ku binne a tsakiyar tulin tare da kashin kaji. Hunturun Kano kan busar da taki ƙamas, bakteriya kuwa sai da laima. Ku riƙa yayyafa ruwa kuna juyawa duk mako. In an damƙa ya jiƙa hannu bai ɗiga ba, ya yi. Baƙar ledar kasuwa kam, don Allah kada ku saka.